Rigar da Ba Ta Bin Layi

Wata rana ina zaune a shagon telana, raina a ɓace.

Jibi ɗaurin auren ƙanina, shaddata kuwa tana nan a ninke yadda na kawo ta, ko almakashi bai san da zamanta ba.

Na gaji da "dawo gobe", sai na yi abin da duk wanda ya san halin teloli yake yi. Na je na tare a shagon. Na ce masa yau ko dai ya ɗinka, ko kuwa a zuba tuwon dare da ni.

Ya yi dariya, ya yi ɗan busasshen tarin nan nasa da ba ya rabuwa da shi.

Mutum ne marar garaje. Na daɗe ina kai masa ɗinki, amma ban taɓa tambayar sunansa ba. Tela nake ce masa, shi kuma ya ce mini Alhaji, muna zamanmu lafiya a haka.

Ya shimfiɗa shaddar a kan tebur. Ya ja alli. Ya ɗauki almakashi.

Na ce a raina, to madalla, yau dai an zo kaina.

Sai ga sallama.

Wata mata ce, za ta yi sa'ar yayata, da tabarau da mayafi marar ado. Ta buɗe jaka ta zaro wata baƙar riga irin ta lauyoyi.

Kara na yi wa rigar da na ce baƙa. Ta koɗe har ta koma kalar tsinkakken shayi. Ga faci a kafaɗa, ga faci a gefe. Da a hanya na tsince ta, sai in ce tsumman goge mota ne.

Tela ya ajiye almakashi. Ya ture shaddata gefe. Ya goge hannunsa a jikin rigarsa, sannan ya karɓi tsumman nan da hannu biyu.

Ku da kuka daɗe kuna bibiyata a nan kun san halina. Ina iya yafe abubuwa da yawa, amma ban da tsallake layi.

Na ce, "Tela, na riga ta zuwa fa."

Ya ce, "Gaskiyarka ce, Alhaji. Amma a shagon nan, wannan rigar ba ta bin layi."

Na ce, "Ai shi ke nan. Wato har a shagon tela ma doka a aljihun lauyoyi take."

Matar ba ta ji haushi ba. Dariya ma ta yi, ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

Ta ce, "Ka yi haƙuri, Alhaji. Hammatar ce kawai ta ɓarke. Kafin ya gama, bari in rage maka zaman jira da labari."

 Ga abin da ta ba ni.

Sunanta Suwaiba, lauya ce.

Lokacin da take karatu a jami'a, akwai wani ɗan ɗaki a bayan laburaren tsangayar shari'a. A nan ɗalibai suke koyon taimaka wa mutanen da ba su da halin ɗaukar lauya. Yana da dogon suna na Turanci a jikin allon ƙofa, amma ɗalibai Ɗakin Talakawa suke ce masa.

Mai kula da ɗakin wani dattijon malami ne, Malam Haladu.

Da ta ambaci sunansa, sai da muryarta ta sauya.

Ta ce har yau in ta ji fanka tana kuka, ɗakin nan take tunawa. Fanka ɗaya ce, sai tsofaffin bencuna, sai randa a bakin ƙofa saboda baƙi. Malam ba ya yarda a tambayi mutum abin da ya kawo shi sai an ba shi ruwa ya sha. Yakan ce wanda ya tako daga ƙauye da ƙishirwa, rabin zancensa a maƙogwaro yake maƙalewa.

Alhamis ce ranar zuwa gidan yari. Malam yana da wata tsohuwar Fijo da ba ta tashi sai an tura. Sai ka ga manyan lauyoyin gobe, maza da mata, cikin kayansu fari da baƙi, sun dafe bayan mota suna nishi. Shi kuma yana ciki yana leƙowa ta taga yana cewa, "Ku ƙara ƙarfi, adalci nauyi gare shi."

A hanyar dawowa sai ya tsaya wajen wata mai ƙosai. A nan tsaye, da maiƙo a hannu, yake bin su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar abin da fursunoni suka gaya musu. Wanda ya manta sunan mutumin da ya zanta da shi, ranar ba shi da yaji.

'Yan ajinsu dariya suke yi musu. Lauyoyin fisabilillahi, haka suke kiransu.

Ta ce, "Wallahi ba mu da komai a lokacin. Amma ban ƙara samun wurin da na ji daɗin zama kamar ɗakin nan ba."

Suka gama jami'a, suka wuce makarantar horar da lauyoyi, aka rantsar da su. Masu ƙoƙarin ajin suka nufi manyan ofisoshin Abuja da Legas. Ita ma an neme ta, don tana cikin na gaba-gaba. Amma ta zaɓi wata 'yar ƙungiya mai kare marasa galihu kyauta, wadda Malam Haladu ya haɗa ta da su.

Ranar da ta je yi masa sallama ya ce mata, "Daga aji muka yaye ki, ba daga ɗakin nan ba."

Ta ɗauka irin maganar bankwana ce da malamai suka saba yi.

Shari'arta ta farko ta wani mutum ce mai suna Isuhu.

Rake yake sayarwa a tasha. Rikici ya ɓarke tsakanin 'yan kamasho, aka zo aka yi ta kame kan mai uwa da wabi, aka haɗa da shi da wuƙar yankan rake a hannunsa. Masu dangin da ake jin maganarsu duk suka fita. Shi aka manta da shi a gidan yari yana jiran shari'a.

Ba a ce ya yi laifi ba, ba a ce bai yi ba. Jaririyar da ya bari a goye har ta fara zuwa makaranta yana ciki.

Suwaiba ta shirya tsaf, ta shigar da roƙo a babbar kotu a sake shi. Ta ce ko daga barci aka tashe ta za ta iya jero hujjojinta. Abin da take buƙata kawai shi ne alƙali ya saurare ta.

To, a nan gizo ke saƙar.

Ashe a kotu akwai wata al'ada da ni ban sani ba sai ranar. Ba wanda ya riga zuwa ake fara saurara ba. Wanda ya riga zama lauya shi ne gaba. Manya su fara gabatar da shari'unsu, sai na bayansu, sai na bayan na bayansu. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi.

Suwaiba kuwa rigarta ko karin ninkin kanti bai bar jikinta ba. Ita ce autar ɗakin.

Takan riga kowa zuwa, tun masu shara ba su gama ba. Ta zauna a bencin baya. Manya su shigo da ƙamshin turare, su yi ta jayayya a kan filaye da kwangiloli. Rana ta take, ta karkata. Alƙali ɗan Adam ne, ya gaji, ya dubi agogo. Sauran shari'u a ɗage su zuwa wata rana.

A mayar da Isuhu mota, ko sunansa ba a kira ba.

Yau alƙali ya tafi taro. Wani zaman motar gidan yari ta lalace. Ranar da komai ya daidaita kuma, manya sun cika ɗakin.

Mahaifiyar Isuhu, wata tsohuwa da ake kira Iya Tabawa, ba ta taɓa fashin zama ba. Daga ƙauye take tahowa da 'yar ƙwaryar fura, ko za a bari ta miƙa masa. Ta zauna a baranda har a tashi.

Rannan ta riƙo gefen rigar Suwaiba ta ce, "'Yar nan, ni ban yi boko ba. Amma ko a asibiti ai wanda ciwonsa ya fi tsanani ake fara dubawa. Ku a nan gidan, tsufan likita ake dubawa?"

 Banɗaki Suwaiba ta shiga ta yi kukanta.

Damina ta kama. Isuhu ya fara tari. Kowane zama ya zo ya fi na baya ramewa, har gandirobobi sai sun riƙe shi wajen saukowa daga mota. Likitan da ya duba shi ya gaya wa Suwaiba a fili cewa ƙirjin nan ba zai jure sanyin ɗakin da yake kwana ba har ƙarshen damina.

Ga shi zama ɗaya ya rage kotuna su tafi dogon hutunsu na shekara. Akwai alƙalin da ake bari saboda hutu, amma layinsa ya fi wannan tsawo. In ba a kira Isuhu ranar ba, sai bayan an girbe gero.

Kowa ya san abin da hakan yake nufi. Isuhu ma ya sani. Ta 'yar tagar mota ya ce mata, "Barista, kin yi iya yinki. Ki ce wa Iya ta daina wahalar zuwa."

Da la'asar ɗin ranar ta wuce gidan Malam Haladu.

Lokacin ya yi ritaya. Hawan jini ya taɓa masa ɓarin jiki, yana jan ƙafa, ya daɗe rabonsa da kotu. Ta same shi a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa yana ɓare gyaɗa da hannu ɗaya.

Ta zazzage masa komai. Ta ce ya koya musu doka, amma bai gaya musu sai mutum ya tsufa ake jin ta bakinsa ba. Ta ce da ta sani da ta bi 'yan ajinta, ko ba komai ba za ta zauna tana kallon mutum yana mutuwa a layi ba.

Ya bar ta ta gama. Ya tambaye ta wace kotu ce, wace rana ce. Ta faɗa masa.

Ya ce, "Allah ya kai mu." Ya miƙa mata gyaɗa.

Shi ke nan. Ba nasiha, ba dabara. Ta bar gidan tana jin haushinsa, har tana cewa a ranta tsufa ya cinye Malam.

Ranar ta zo. Kotu ta cika maƙil, don kowa yana so ya sauke kayansa kafin hutu. Ta dubi kawunan da ke gabanta, duk furfura ce a ƙarƙashin hular gashi. Ta san ba za a kai kanta ba.

Ana dab da shigowar alƙali sai ta ji ƙarar sanda a bakin ƙofa.

Ta waiga.

Malam Haladu ne, ɗaliban Ɗakin Talakawa suna tallafe da shi. Ya sa tsohuwar rigarsa ta lauya, wadda ta riga ta koɗe tun a lokacin, da hular gashin da ta yi ja don daɗewa. Gumi yana tsattsafo masa saboda hawan matakala.

Manyan lauyoyi suka fara miƙewa, don da yawansu ta hannunsa suka bi. Aka matsa masa a bencin gaba.

Ya girgiza kai. Ya zauna a bencin baya, kusa da autar ɗakin.

Ta raɗa masa, "Malam, me ya fito da kai a wannan halin?"

Ya ce, "Ilimi na ba ki tun kina aji, 'yata. Shekaru ne ba ki da su. Su na kawo miki aro."

Alƙali ya shigo, aka zauna. Aka nemi wanda ya fi kowa daɗewa a aikin ya fara.

Babu wanda ya motsa. Duk ido ya koma bencin baya. Ranar da aka rantsar da Malam Haladu, wasu daga cikinsu ko yaye su ba a yi ba.

Ya dafa sanda, ya dafa kafaɗar ɗalibinsa, ya miƙe da ƙyar. Ya faɗi sunansa. Ya ce yana tsaya wa Isuhu ne, tare da abokiyar aikinsa.

Abokiyar aikinsa. Ta ce har gobe maganar tana kunnenta.

Magatakardan kotu ya shiga tono, don fayil ɗin Isuhu yana can ƙasan tulin. Aka zaro shi. A karo na farko aka kira sunan Isuhu da ƙarfi a ɗakin nan, kuma kafin na kowa.

Alƙali ya ce yana sauraron Malam.

Malam ya amsa da Turancinsu na kotu cewa shi tsufa kawai ya kawo. In kotu ta yarda, magana tana bakin wadda ta san shari'ar. Ya koma ya zauna.

Bai ƙara cewa uffan ba.

Suwaiba ta miƙe. Jimlar farko sai da ta maimaita ta. Daga nan bakinta ya buɗe. Ta faɗi yadda aka kama shi, da abin da aka kama shi da shi, wato wuƙar sana'arsa. Ta faɗi abin da likita ya ce.

Alƙali ya juya ga mai gabatar da ƙara. Ina shaidu? Babu. Ina wanda ya kawo ƙorafin? Ba a san inda yake ba. Mai gabatar da ƙara ya nemi a ɗage zaman zuwa bayan hutu don ya bincika.

 Suwaiba ta saci kallon Malam.

Shi kuwa idonsa yana kan sandarsa kamar ba ya ɗakin. Ta gane ba zai karɓe mata ba.

Ta juya ta ce wanda bai samo shaida ba tun yarinya tana goye har ta shiga makaranta, ba hutun damina ne zai samo masa ba. Ta roƙi kotu ta dubi mutumin da ke tsaye a akwatin waɗanda ake tuhuma.

Isuhu yana riƙe da katako, yana ƙoƙarin danne tari.

Alƙali ya dube shi. Ya daɗe yana rubutu. Sannan ya kori ƙarar da ake yi wa Isuhu, ya ce a sallame shi.

Duka-duka abin bai kai a dafa shayi a sha ba.

Ta ce wannan ne ya fi yi mata ciwo. Duk shekarun nan, abin da ya tsaya tsakanin bawan Allah da gidansa ke nan.

A baranda Iya Tabawa ta zube za ta kama ƙafar Malam. Ya nuna Suwaiba da sanda ya ce, "Ga lauyarku nan, Iya. Ni rakiya na yi."

Furar ranar, Isuhu a waje ya sha ta, a zaune a ƙasa kusa da uwarsa, ba gandiroba a kansa.

Wajen shigar da Malam mota ne rigar ta maƙale a ƙofa, hammata ta ɓarke. Isuhu ya gani. Ya ce a gidan yari ya koyi ɗinki, in Allah ya ba shi lafiya a bar masa ya gyara. Malam ya cire ta, ya ce Suwaiba ta ajiye masa.

Isuhu ya sha jinya kafin ya miƙe. Rigar nan ce ɗinkinsa na farko a waje, da ya gama aka mayar wa Malam da ita.

Daga ranar abin ya zama al'adar Ɗakin Talakawa. Aron shekaru suke ce masa. Duk wanda ya fito daga ɗakin ya zaɓi aikin marasa galihu, in shari'arsa ta maƙale a ƙasan layi, wani tsohon malami ko tsohon ɗalibi zai sa riga ya je ya zauna kusa da shi. Sharaɗin ɗaya ne, ba ka karɓe masa magana. Ka miƙe, ka faɗi sunanka, ka zauna.

Malam bai ƙara shiga kotu ba. Ba a daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa. Iyalinsa suka aiko mata da rigar, suka ce shi ya ce a ba ta.

Ta cire tabarau ta goge ido da gefen mayafi.

Ta ce, "Yanzu ni ma furfura ta fara. Gobe akwai wani yaronmu da aka rantsar bara, yana da shari'ar wata mai wankau da aka manta da ita. Zan je in zauna kusa da shi. Ina da sababbin riguna, Alhaji. Amma in zan kai aron shekaru, wannan nake sawa."

Shagon ya yi tsit.

Sai lokacin na lura tun da ta fara ban ji ƙarar keken ɗinki ba. Da hannu Tela yake ɗinkin, da siririyar allura, don yadin ya yi laushin da keke zai yaga shi.

Ya yi ɗan tarin nan nasa.

Na dube shi. Na sake dubansa.

Na ce, "Tela, wai mene ne sunanka?"

Ya ciji zare, bai ɗago ba.

Ya ce, "Isuhu, Alhaji. Shekarun da Malam ya ara wa Barista da safiya ɗaya, ni nake cin su har yau. Yarinyar da na bari a goye, yanzu ita ma da goyonta."

 Kewar malamanmu na da ta kama ni, har da kewar wannan da ban taɓa gani ba.

Na tashi na ninke shaddata da kaina. Na ce ya bi rigar a hankali, kada ya yi mata gaggawa saboda ni.

Da tsohon kaftani na je ɗaurin auren. Ƙanina ya yi ta yi mini tsiya, na ƙyale shi.

Darasi: Ba ya isa ka koya wa yaro tsayawa a kan gaskiya, sannan ka tura shi shi kaɗai inda ba a jin muryar yara. Makarantar da ɗalibinta ya zaɓi hidimar talaka, aikinta bai ƙare ranar yaye shi ba. Kai ma akwai abin da ya taru a hannunka wanda ba ka ɗauke shi dukiya ba. Shekarunka ne, da fuskarka da ake jin nauyinta. Akwai wani a bencin baya da ya san aikinsa, layi ne kawai ya danne shi. Je ka zauna kusa da shi, kuma kada ka karɓe masa magana.

In ka taɓa samun malamin da ya raka ka bayan ya gama koyar da kai, rubuta sunansa a ƙasa mu yi masa addu'a tare. Sannan ka tura wannan ga wani babba da ka sani, ko Allah zai sa gobe a kira sunan wani Isuhun da wuri.